Abin da Ke Bayan Sunayen Daɓen Katako

A Amurka da Ingila, wanda ya sayi tsohon gida ya ɗaga kafet yakan tarar da daɓen katako a ƙasa, ya dusashe, duk ya sha karce. Da yawa ba sa kiran kafinta. Sukan ɗauko hayar injin guga su gyara abinsu da kansu. Sai dai kafin su kunna injin, akwai sunayen da za su ci karo da su a shago, kuma ba kowane suna ne ke faɗin abin da yake nufi ba.

Na farko shi ne "hardwood", wato katako mai tauri. Mai jin sunan zai ɗauka an gwada taurinsa ne. A gaskiya masana tsirrai ne suka yi wannan rabo: duk itacen da ke da faffaɗan ganye, yana fure, an sa shi cikin wannan rukuni, masu ganye kamar allura, irin su fayin, an kira su masu taushi. Shi ya sa obeche, da kafintocinmu suka sani da rashin nauyi, har farce na iya yi masa shaida, yake amsa suna ɗaya da iroko da maɗaci. Mai son sanin tauri na gaske sai ya nemi ma'aunin Janka, wanda ya samo suna daga Gabriel Janka, masanin katako a Ostiriya, da ya fito da shi a 1906. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse, a auna ƙarfin da aka sa. Jan oak, wanda ya cika tsofaffin gidajen Amurka, yana da 1,290 a wannan ma'auni. Obeche bai kai rabin haka ba.

Sai samfefa. Asalin kalmar a Turanci takardar yashi ce, amma yau babu yashi a jikinta. Ɓarɓashin ma'adinai ne da ake haɗawa a masana'anta. Lambar da ke bayanta ita ce abin lura: ƙaramar lamba, manyan haƙora. Akan fara da 36 don kankare tsohon fenti, a bi da 60, sannan 80 ko 100. Kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari, don haka wanda ya yi tsallake zai ga sawun gaggawarsa da zarar ya shafa banish.

Inda suna ya fi jawo asara shi ne kalmar gyaran kanta. Aiki biyu ne mabambanta ake kira da kusan suna ɗaya. Ɗaya shi ne a ɗan goge fuskar banish ɗin da ke kai, a ƙara sabon shafi, ba a taɓa katakon ba. Ɗayan kuwa a kankare komai har a kai ga tsuran itace. Allon daɓe na asali kaurinsa milimita 19 ne, amma abin da za a iya ci bai wuce kamar milimita 6 na sama ba, domin daga nan an iso mahaɗar mace da namiji da ke tsakanin alluna, ƙusoshi su fara leƙowa. Kowace kankara tana rage wannan kaso, kuma ba ya dawowa. Gidan da ya shekara ɗari mai yiwuwa an riga an kankare shi sau da dama. Akwai kuma wanda ake kira "engineered", siririn katako mai kyau da aka manna a kan falawud. Shi da allon asali suna ɗaya suke amsawa a bakin dillali, amma shi wani lokaci kankara ɗaya kawai yake iya ɗauka.

Abin shafawa ma haka yake. Banish suna ne na gama-gari, kuma wasu masana harshe na danganta shi da Berenike, tsohon sunan Bengazi ta Libiya. A ƙarƙashinsa akwai shelak, ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, wanda aka yi amfani da shi sosai a gidajen farkon ƙarni na 20. Akwai foliyuretan, ɗan masana'anta, da Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937. Sanin wanne ke kan daɓen wajibi ne: shelak yana narkewa idan aka ɗiga masa sifirit, foliyuretan kuwa ba ya kama daɓen da aka taɓa shafa wa kakin zuma. Idan kuma fenti ne, a tuna sai 1978 Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje. Ƙurar irin wannan fenti guba ce, musamman ga yara, kuma mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Hausawa na cewa suna linzami ne, to amma a wannan sana'a yakan ja mutum zuwa inda bai nufa ba. Wanda zai gyara daɓensa da hannunsa ya fara da tambayoyi uku: wane itace ne, kauri nawa ya rage, me aka shafa masa? Amsarsu ce za ta nuna ko injin ake buƙata, ko sabon shafi kawai zai wadatar.