Ɗan Ina Ne Wannan Turmi?

Mahaifina ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, kafin a rufe ta a sallame su hannu rabbana. Har bayan haka, duk lokacin da aka shigo da atamfa gidanmu ba ya kula da kyan zanenta. Bakin turmin yake juyawa ya karanta tambarin, ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa, sannan ya yanke hukunci. Sau da yawa tambarin na cewa a Najeriya aka yi, shi kuma ya girgiza kai ya ce wannan ba ta taɓa shan ruwan Kaduna ba. Ina yaro na ɗauka ɗacin rai ne na wanda ya rasa abin yi. Sai da na girma na gane cewa tambayar da yake yi wa ƙyalle ita ce ta hana Najeriya sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki mafi girma a Afirka har tsawon wata goma sha shida.

Idan ƙasashe suka yafe wa juna kuɗin fito, dole su fayyace kayan da suka cancanci wannan rangwame. Buhun gero ba ya da wuyar sha'ani, domin inda aka noma shi nan ne asalinsa. Riga fa? Ana iya noma audugarta a Mali, a kaɗa zaren a Indiya, a saƙa a Sin, a ɗinka a Lome. Dokokin da ke yanke wannan shari'a su ake kira ƙa'idojin asalin kaya. Idan aka tsaurara su, kaya kaɗan ne za su ƙetare iyaka kyauta. Idan aka sassauta, mai liƙa tambari kawai ma sai ya ce shi ya ƙera.

Rigimar ta girmi kowa a cikinmu. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta tilasta rubuta ƙasar asali a jikin wasu kayan waje, don ta kunyata kayan Jamus, amma daga baya tambarin ya zame wa Jamusawa abin alfahari. A yankinmu kuwa, tsarin sassauta ciniki na ECOWAS ya fara a 1979 da amfanin gona da aikin hannu, ya haɗa da kayan masana'antu a 1990. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne a ƙara wa kaya daraja da aƙalla kashi 30 cikin 100 a cikin yankin. A takarda sharaɗin ya tsaru. A Kantin Kwari kuwa kowa ya san hanyar da dilolin atamfa ke bi daga Kwatano su ratsa Nijar su ɓullo ta Maraɗi, kuma babu jami'in da ke auna wani kashi 30 cikin dare.

Wannan tabo ne ya motsa a watan Maris na 2018. Ƙasashe 44 sun sa hannu a Kigali a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Majalisar zartarwar Najeriya ta riga ta amince, jami'in Najeriya Chiedu Osakwe ma shi ya jagoranci zaman masu tattaunawar, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya fasa tafiya ana gab da taron. Ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun yi ƙorafin ba a tuntuɓe su ba, kuma babban tsoronsu shi ne a mayar da ƙasar juji, inda kayan Asiya za su sauya riga a maƙwabta su shigo a matsayin 'yan gida. Sai aka shiga zagayen jin ra'ayi a shiyyoyin ƙasar shida, aka kafa kwamitin shugaban ƙasa a watan Oktoba, ya miƙa rahotonsa a watan Yunin 2019.

Wasu sun kira wannan jinkiri abin kunya. Ni ban ga haka ba, domin tambayar mutane kafin a ɗaura musu aure ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne muryoyin da suka fi tashi na masu ofis da sakatare ne, alhali a tsakar gidanmu kaɗai ra'ayi biyu ne, kuma ba wanda ya zo ya ji ko ɗaya.

Baba yana son ƙa'ida mai tsauri: daga auduga zuwa zare, daga zare zuwa ƙyalle, duk a yi a Afirka, in ba haka ba a biya fito. Hujjarsa ita ce masaƙa ɗaya tana ɗauke da manomin Funtuwa da mai gurza da direban babbar mota. Haka aka yi lissafi tun 1957 da gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar farko a Kaduna kusa da gonakin auduga. Yayata kuwa, wadda ke da shagon ɗinki da yara shida, takan ce masa, "Baba, in an ce sai da yadin gida zan kai kaya Yamai ko Akkara ba fito, a ina zan samo yadin? Masaƙar da za ta sayar mini ai ita ce aka rufe ku da ita." Baba ba ya amsa wannan, sai ya ƙara muryar rediyo.

Tarihi ya ba kowannensu shaida, kuma abin mamaki daga ƙasa ɗaya. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta buɗe wa Afirka kasuwar Turai, amma ta ce sai an saƙa ƙyallen a yankin kafin a ɗinka, don haka ƙasashe kaɗan ne suka ci moriyarta a harkar tufafi. A shekarar 2000 Amurka ta kawo dokar AGOA, ta yarda ƙasashe matalauta su ɗinka da yadin ko'ina. Cikin 'yan shekaru Lesotho ta samu dubun dubatar guraben aiki, galibi na mata. Wannan nasarar yayata ce. Sai dai yawancin masana'antun na 'yan kasuwar Taiwan ne, akasarin yadin daga Asiya yake zuwa, kuma duk lokacin da wa'adin dokar ya kusa ƙarewa a Washington, sai hankalin Maseru ya tashi. Da Baba ya san labarin, da ya ce rancen tsani aka ba su.

Na fi karkata ga yayata, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban Baba ba. Ƙa'ida mai tsauri tana kare masana'antar da ke numfashi ne. Ba ta kawo wutar lantarki, ba ta gyara irin auduga, ba ta tsare dajin Jibiya. Amma sassaucin da ba a sa masa wa'adi ba shi ma yana iya barin mu muna ɗinka wa wasu har abada, shi ya sa na so a ce an zaunar da tela da manomi a zaure ɗaya an tambaye su shekara nawa kowa zai iya jira.

Ranar 7 ga Yuli, 2019, Buhari ya sa hannu a Yamai, a gaban Shugaba Mahamadou Issoufou wanda ya yi wa yarjejeniyar jagora a madadin Tarayyar Afirka. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwauri, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. An ƙaddamar da ciniki ranar 1 ga Janairu, 2021, an kuma daidaita a kan ƙa'idojin mafi yawan kayayyaki, amma tufafi da motoci suka daɗe a kan teburi ana ja-in-ja.

A sallar da ta biyo baya yayata ta ɗinka wa Baba babbar riga ta shadda. Ya karɓa ya sa mata albarka, sannan na ga yatsunsa sun nufi bakin ƙyallen. Ta riga ta yanke tambarin kafin ta ɗinka.