Masu nutso a ƙarƙashin jirgin ruwa: tarihin aikin da ido ba ya gani

Yau ina so mu bar tudu mu shiga ruwa. Na san wani zai ce ina haɗin ɗan Maraɗi ko Damagaram da teku, mu da ƙasarmu ba ta da gaɓa ko taku ɗaya. Amsar tana kasuwa. Shinkafar da ke tukunyarmu, da tayoyin mota, da magani, da takardar da yara ke rubutu a lakwal, da yawansu sai da suka kwana cikin jirgin ruwa kafin kamyo ya ɗauko su daga Kwatano ko Lome. Fiye da kashi 80 cikin 100 na yawan kayan da duniya ke ciniki ta teku suke bi. Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kowane magidanci ya ji a aljihunsa cewa abin da ya taɓa hanyar tashar jiragen ruwa ya taɓa shi. A kan wannan hanya akwai wasu ma'aikata da ba a ganinsu, su ne masu nutso da ke wanke ƙasan jirgi, su duba lafiyarsa, su gyara farfelarsa. Tarihinsu nake so in kawo.

Mu fara da matsalar. Duk abin da ya daɗe cikin ruwan teku, rai yana kama shi. Cikin ƴan kwanaki yauƙi zai lulluɓe shi, sai gansakuka, sai ciyawa, daga baya wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar ƙumba su manne su yi tauri kamar siminti. Jirgin da cikinsa ya yi wannan kaushi daidai yake da amalanken da ya shiga rairayi: dabbar tana ja da ƙarfi, tafiya ba ta sauri. A jirgin yau injin ne ke wahala, ya sha mai fiye da ƙa'ida, kuɗin man kuma ya hau kan kuɗin dako, ya gangaro har kan buhun da muke saye.

A zamanin jiragen katako akwai wata masifa ta biyu, wata tsutsar ruwa mai cin itace daga ciki kamar yadda gara ke cin azara. A 1503, a tafiyarsa ta huɗu, jiragen Kolombus biyu da suka rage sun huje har ba sa iya riƙe ruwa. Dole ya kifa su a gaɓar Jamaika, shi da mutanensa suka yi shekara guda suna jiran ceto.

Maganin da aka sani a lokacin shi ne a sauke kaya duka, a ja jirgi bakin gaɓa, a ɗaura igiyoyi a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Sai a babbake ciyawar da wuta, a kankare, a shafe da ƙaro da kitse da farar wuta, sa'an nan a juya ɗaya gefen. Aiki ne na makonni. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta gwada wata dabara, ta lulluɓe cikin wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Tsutsa ta kasa shiga, ciyawa ta ragu ƙwarai, amma sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe da jirgin suna ruɓewa, don in ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya. A 1824 masani Humphry Davy ya juya wannan illa ta zama magani: ya manna guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen don su ne za su ruɓe a madadinsa. Har yau jiragen ƙarfe suna ɗauke da irin waɗannan guntaye, kuma duba su yana cikin aikin mai nutso.

Duk da haka babu wanda ke iya ganin ƙasan jirgi yana cikin ruwa. In ana son taɓa wani abu da ke nutse, sai an karkata jirgin. Ranar 29 ga Agusta 1782, a mashigar Spithead kusa da Portsmouth a Ingila, wani babban jirgin yaƙi mai igwa wajen 100, Royal George, yana shirin tafiya. Akwai wani ɗan bututun ɗiban ruwa da ke buƙatar gyara a ƙasa da bakin ruwa. Sai aka tura igogin gefe ɗaya don jirgin ya karkata, wurin gyaran ya fito fili. Ana cikin haka kuma ana loda ganguna ta gefen da ya yi ƙasa. Ruwa ya fara shiga ta tagogin igwa, kafin a farga jirgin ya kife ya nutse. Fiye da mutum 800 suka mutu, har da mata da yara da suka zo sallama da mazajensu da iyayensu. Babu abokin gaba, babu hadari, a gaban gari, da safe. Gyaran ɗan bututu ne ya ci su.

Gawar jirgin ta zauna a ƙasan mashigar fiye da shekara 50 tana hana jirage sakewa, kuma a kanta ne sana'ar nutso ta zamani ta yi ƙarfi. Wasu ƴan uwa biyu, Charles da John Deane, sun ƙera kwalkwalin jan ƙarfe a 1823 don masu shiga hayaƙin gobara, daga baya suka mai da shi na shiga ruwa. Mutum yana sa kwalkwali mai tagar gilashi, na sama suna buga masa iska da famfo ta cikin tiyo. Da shi aka ciro igogi daga Royal George tsakanin 1834 da 1836. Sai dai ƙasan kwalkwalin a buɗe yake, in mai nutso ya yi tuntuɓe ya faɗi ruwa ya cika shi. Wani maƙeri haifaffen Jamus da ke zaune a Landan, Augustus Siebe, ya haɗe kwalkwalin da riga mai hana ruwa tun daga wuya har ƙafa, da takalma masu darma don nauyi. Kanar Charles Pasley da sojojinsa sun yi aiki da wannan shiga daga 1839 zuwa 1843 suna fasa gawar jirgin da albarushi suna kwashewa. Shigar Siebe ta yi fiye da shekara 100 ita ce tufar masu nutso a duniya.

Da mutane suka fara daɗewa a ƙasa, sai wata cuta ta ɓullo. Mai nutso zai fito lafiya, bayan ɗan lokaci gaɓoɓinsa su kama ciwo, wani ƙafafu su mutu, wani ya ce ga garinku nan. Dalilin yana cikin darasin fizik. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, wato a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Ƙarƙashin wannan matsi iskar azot da muke shaƙa tana narkewa cikin jini da tsoka. In aka fito da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya. Bafaranshe Paul Bert, wanda daga baya ya riƙe ministan ilimi a ƙasarsa, shi ya bayyana haka a 1878. A 1908 John Scott Haldane da abokan aikinsa, bayan gwaje-gwaje da awaki, suka fitar da jadawalin da ke gaya wa mai nutso inda zai tsaya a hanyarsa ta fitowa da minti nawa zai jira. Takarda ce mai layuka da lambobi, amma rayukan da ta tsare Allah kaɗai ya san yawansu.

A wannan tsakanin jirgin kansa ya sake kama. Ƙarfe ya maye gurbin katako, injin ya maye gurbin iska, kuma tun wajen 1839 da jirgin Archimedes ya nuna amfaninta, farfela ta zama ƙafar jirgi. Ba a iya lulluɓe jirgin ƙarfe da jan ƙarfe saboda wancan cin juna da muka faɗa, don haka aka koma ga fenti, ciyawa kuwa ta dawo da ƙarfinta. Rundunar ruwan Rasha da ta tashi daga tekun Baltik a Oktoba 1904 ta yi wata bakwai a hanya kafin ta haɗu da ta Japan a Tsushima a Mayu 1905. Jiragenta sun isa da ciki cike da ciyawa, ba sa iya gudu, kuma wannan yana cikin dalilan da masana tarihi ke lissafawa na mummunan kayen da ta sha.

A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya, ya yi yawo babu tiyo. Amma yawancin masu aikin jirgi har yau daga sama ake ba su iska, da wayar magana da kamara a kwalkwali, don shugaban aiki ya ga abin da suke gani. Dokar duniya ta ce a duba ƙasan jirgin kaya sau biyu cikin kowace shekara biyar, kada tsakanin ya wuce wata 36. Cikakkiyar dubawa ana yinta ne a wani babban kwarmi da ake shigar da jirgi a rufe ƙofa a kwashe ruwan, abin da ke cin kuɗi da kwanaki. In jirgin ya cika sharuɗɗa, ana yarda masu nutso su yi ɗaya daga cikin biyun yana kan ruwa. Suna neman tsaga da lotsawa, su auna kaurin ƙarfe, su bi jikin da injin mai buroshi masu juyawa. A farfela, wadda a manyan jirage faɗinta kan kusa mita 10 nauyinta ya haura tan 100, suna goge kowane reshe har ya yi santsi, su yanke koma da igiyoyin da suka naɗe mata, wani lokaci su miƙe reshen da ya lanƙwashe ko su rage shi. Gyaran da ya kifar da Royal George, yau mutum ɗaya ne zai sauka ya toshe ƙofar daga waje, jirgi yana tsaye cak.

Wankin ma yana da nasa darasi. Daga shekarun 1960 aka yayi wani fenti mai guba da ake kira TBT, wanda ke hana komai mannewa. Sai masu kiwon kawa, wani abincin teku mai ɓawo, a Arcachon ta Faransa suka ga dukiyarsu tana lalacewa. Faransa ta hana shi ga ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya ta 2001 ta haramta shi, ta fara aiki a 2008. An kuma gane cewa halittun da ke manne a jirgi baƙi ne a inda ya je, in aka kankare su a tasha suna iya yaɗuwa su cinye na gida. A 2017 Niyu Zilan ta kori wani jirgin kaya mai suna DL Marigold daga ruwanta bayan masu nutso sun ga dattin cikinsa, ta ce kada ya dawo sai ya wanku.

Mu da muka san yasar rijiya ba sai an yi mana dogon bayanin haɗarin aikin ba. Wanda ya sauka rijiya mai gaba ashirin ransa yana hannun masu riƙe igiya. Haka mai nutso. A ƙasan jirgi akwai ƙofofin da injin ke zuƙar ruwan sanyaya kansa, in wani ya kunna famfo yana kusa, ruwan zai manne shi ba mai iya ɓamɓare shi. In aka motsa farfela kuwa magana ta ƙare. Shi ya sa kafin ya sauka ake kulle maɓallai a rataya musu gargaɗi, a ɗaga tuta mai fari da shuɗi da ke gaya wa kowane jirgi cewa akwai mutum a ƙasa, wani mai nutson kuma ya zauna cikin shiri a sama. Kowace ɗaya daga waɗannan dokoki da ran wani aka saye ta.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi, a matsayina na malami, shi ne hannu da takarda ba su taɓa rabuwa a cikinsa ba. Maƙeri ya ƙera kwalkwali, masani ya rubuta jadawali, in babu ɗaya mai nutso ba ya komawa gida. Mu kuwa mun saba raba ƴaƴanmu gida biyu, mai ƙoƙari a ce ya bi boko ya samu biro, wanda ya faɗi jarrabawa a tura shi walda kamar horo. Mai waldar da ke aiki a ƙarƙashin jirgi sai ya iya lissafin matsi da lokaci, ya karanta zanen jirgi, ya rubuta rahoton da kamfanin inshora zai yarda da shi. Iyaye, yaron da ke koyon sana'a kada a raba shi da karatu, wanda ke karatu kada a hana shi taɓa guduma.

Ƴan uwa malamai, ba sai da teku za mu koyar da wannan ba. A kifa kofi cikin bokitin ruwa da ɗan ƙyalle a cushe a gindinsa, yara su ga ƙyallen ya fito a bushe: kwalkwalin Deane ke nan. A huda robar ruwa wuri uku daga sama zuwa ƙasa a cika ta, su ga hudar ƙasa ta fi feshi da ƙarfi: matsin da Paul Bert ya yi nazari ke nan. Sa'an nan a tambaye su ta ina buhun shinkafar gidansu ya biyo, da su wa suka taɓa shi a hanya. Allah ya tsare masu neman halali a tudu da ruwa, ya yi wa ƴaƴanmu albarka.