Zaman abincin rana na ɗaliban lauya a Amurka

A yawancin makarantun koyon aikin lauya na Amurka akwai wani zama da ba ya cikin jadawalin darasi, ba a kuma yin jarrabawa a kansa. Ɗalibai kan taru da tsakar rana, kowa da guzurinsa, su saurari wani lauya mai kare marasa galihu, su yi masa tambayoyi ba tare da wani shamaki ba.

Baƙon kan kasance mai kare waɗanda ake tuhuma da laifi amma ba su da halin ɗaukar lauya, haƙƙin da Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a shari'ar Gideon ta 1963. Wani lokaci kuma lauyan masu neman mafaka ne, ko na 'yan haya da ake shirin kora.

Dalilin zaman dai shi ne, manyan kamfanonin lauyoyi su ke bin ɗalibai har makaranta su zaɓi waɗanda suke so, alhali ƙungiyoyin agaji ba su da wannan ƙarfi. Gurabensu kaɗan ne, kuma sau da yawa ta bakin na ciki ake jin labarinsu.

Batun bashi

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta kuɗi. Karatun lauya shekara 3 ne bayan digiri na farko, kuma akasarin ɗalibai da bashi suke yin sa. A 2024 manyan kamfanoni na biyan sabon lauya dala 225,000 a shekara, yayin da albashin mai kare talakawa bai kai ko rabin haka ba.

Wata doka ta 2007 ta tanadi yafe ragowar bashin gwamnatin tarayya ga wanda ya yi wa jama'a aiki, ya kuma biya kason wata-wata sau 120. Sai dai sharuɗɗan na da sarƙaƙiya, domin kuwa a 2018 an yi watsi da kusan kashi 99 cikin ɗari na buƙatun farko. A nan ne shawarar wanda ya riga ya bi hanyar ta fi kowace takardar bayani amfani.

Haka kuma tallafin Skadden na shekara 2, wanda aka fara a 1988, na buƙatar ɗalibi ya fara samun ƙungiyar da za ta karɓe shi, su tsara aikin tare kafin ya nema.