Asalin Kalma: Tiyata

Tun asali, kalmar tiyata ba ta da wata alaƙa da wuƙa. Daga Turanci muka aro ta, wato theatre, su kuma Turawa suka samo ta daga Girkanci, inda take nufin wurin kallo. Dalilin da ya sa Turawa ke kiran ɗakin aikin likita da wannan suna kuwa, a Turai ta da, likita kan yi aikinsa a tsakiyar ɗaki mai dakali hawa-hawa, ɗalibai na leƙe daga sama. Akwai irin wannan ɗaki na 1822 a Landan, wanda aka mayar gidan tarihi.

Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai ta bar ɗakin ta koma kan aikin. Shi ya sa muke cewa an yi wa Baba tiyata a gwiwa, wurin kuma mu kira shi ɗakin tiyata.

Muna da fiɗa, amma ta fi tuna wa mutum mahauci. Majinyaci ya gwammace a ce aiki kawai. Ɗori kuwa daban yake, don maɗori ba ya tsaga fata. Wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu da ta ƙarfe a Asibitin Ƙashi na Dala, tiyata aka yi masa, ba ɗori ba.