Ƙwazon Ɗalibi a Darussan Farko na Tsara Umarnin Kwamfuta: Waiwaye a Kan BASIC da Logo

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata matsala da ta daɗe tana ci wa malaman kwamfuta tuwo a ƙwarya, wato yadda ɗalibi sabon shiga kan karaya tun bai yi nisa ba. A ganinmu, ƙwazon ɗalibi ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin aikinsa da ganin sakamakon aikin.

A farkon shekarun 1960, mai koyo yakan huda umarninsa a kan katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin na'ura, sa'an nan ya jira sa'o'i da dama, wani lokaci har kwana guda. In ya kuskure ko da waƙafi ɗaya ne, sai ya sake sabon lale.

Wannan ne ya sa John Kemeny da Thomas Kurtz, malaman lissafi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, suka ƙirƙiro harshen BASIC, wanda aka fara aiki da shi ranar 1 ga Mayu, 1964. Sun haɗa shi da tsarin da ke ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, ta yadda ɗalibi zai buga umarni, amsa ta dawo masa nan take. Kuskure ya zama abin gyarawa a zama ɗaya, har ɗaliban da ba na kimiyya ba suka shigo fagen.

A 1967 kuma, Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka tsara harshen Logo domin yara. Daga baya aka ƙara masa wani "kunkuru" mai zana layi bisa umarni, don yaro ya ga tunaninsa da idonsa.

Sai dai ba a rasa masu suka ba. A 1975 Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya yi iƙirarin cewa wanda ya fara da BASIC da wuya ya koyi tsara umarni mai inganci. Sukar tana da tushe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma muna ganin tsari ba ya amfanar ɗalibin da ya riga ya bar aji. Saboda haka wajibi ne malami ya fara da aikin da ɗalibi zai ga amfaninsa a ranar farko, sa'an nan ya ɗora ƙa'idoji a kansa sannu a hankali.