Daga unguwa zuwa bariki: wa ke cin kofin ƙwallon Nijar?

A takarce, gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar tsani ce. Hukumar FENIFOOT na riƙe da babban rukuni a sama, rukuni na biyu na biye da shi, gasannin jihohi kuma suna ƙasa. Ke nan ƙungiyar samari daga Falanko ko Tanut, in ta yi zarra a jihar Damagaram, babu dokar da ta hana ta hawa har ƙololuwa. Jerin zakarun gasar kuwa wani labari yake bayarwa.

An soma gasar a 1966, lokacin da ƙwallo ke hannun unguwannin Yamai. Secteur 6, wadda daga baya ta koma Olympic FC, ita ta cinye kofunan farko. Secteur 7 kuma ta zama Sahel SC. Sau biyu jere kofin ya bar babban birni: Jangorzo ta Maraɗi a 1983, sai Espoir ta Damagaram a 1984. Tun daga nan bai sake fita daga Yamai ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauyin da ya auku a cikin Yamai ɗin kanta. Dubi wasu daga cikin zakarun baya-bayan nan: AS Police a 2008, AS Douanes a 2013 da 2015, AS FAN ta sojoji a 2016 da 2017, SONIDEP mai harkar man fetur a 2018 da 2019, 'yan jandarma na USGN a 2021, Nigelec mai wutar lantarki a 2022. Duk 'ya'yan hukuma ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da ke jingine da ma'aikata tana da albashi da motar tafiya, har ma da alkawarin aiki ga ɗan wasa in ƙafa ta gaji. Ƙungiyar gari kuwa tana jiran kuɗin ƙofa da alherin wani attajiri.

Sai kuma hanya. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan kilomita 900, daga Damargu kuma sai an ƙara. Kuɗin mai, masauki da abincin tafiya guda na iya lashe abin da ƙaramar ƙungiya ta tara a wata. Shi ya sa yaron da ya iya taka leda a Belbeji ba ya hawa tsanin tare da ƙungiyarsu. Shi kaɗai ake ɗauka, ya tafi Yamai ya sa rigar wata ma'aikata.