Yadda Shawarar 'Yan Sha'awa Ta Raini Wasan Golf

A cikin dokokin golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, akwai guda ɗaya da takan ba baƙon wasan mamaki. Muddin ana tsakiyar gasa, laifi ne ka ba abokin karawarka shawara, laifi ne kuma ka nema a wurinsa. Ko tambayarsa ka yi wace sanda ya ɗauka kafin ka yi naka bugun, za a ƙara maka bugu biyu, ko kuma ka rasa ramin ɗungurungum, gwargwadon irin gasar. Mai ɗaukar maka jaka da wanda kuke ɓangare ɗaya su kaɗai aka yarda ka saurara. Duk da haka, da wuya a sami wasan da masu yinsa suka kai 'yan golf yawan shawara. Da zarar an fito daga rami na 18, sai hira ta ɓarke: wannan yana gyara wa wancan riƙon sanda, wani yana yabon sabuwar ƙwallo, wani yana faɗin inda iska ke yaudarar mutum a fili kaza. Mafi yawan masu wannan hira ba da wasan suke cin abinci ba, likitoci ne da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma da yawa daga abin da ke cikin jakar ɗan golf a yau daga bakinsu da hannunsu ya fito.

Asalin wasan a sigar da aka sani Sikotilan ne, a kan jigawar bakin teku inda ƙasa ba ta nomuwa sai kiwon tumaki. Farkon ambatonsa a rubuce ma hani ne. A 1457 majalisar ƙasar, a zamanin Sarki James na Biyu, ta haramta golf da ƙwallon ƙafa saboda sun ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya, alhali ana zaman ɗar-ɗar da Ingila. An maimaita hanin a 1471 da 1491, wanda ya nuna mutane ba su daina ba. A 1502, shekarar da aka yi sulhu da Ingila, sai ga Sarki James na Huɗu da kansa yana sayen sanduna a wurin wani mai sassaƙa baka a garin Perth.

Tsawon wannan zamani babu makaranta, babu malami. Mutum yana koyo ne da kallon na gaba da shi. Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan yadda ake bugu, wani ɗalibin likitanci ne a Edinburgh mai suna Thomas Kincaid ya yi shi a littafin ajiyar tunaninsa a farkon 1687. Bai rubuta don a karanta ba, kansa yake yi wa nasiha. Ya yi bayanin yadda za a tsaya a ɗan lanƙwasa gwiwa, inda ya kamata ƙwallo ta zauna dangane da ƙafar hagu, da yadda ƙarfin bugu ke fitowa daga juya jiki maimakon fizgar hannu. Ya taɓo sanduna, har ya yi nazarin yadda gwani zai yi wa mai rauni rangwame domin wasa ya yi armashi. Littafin yana nan a ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Edinburgh. Wanda ya duba abin da ke ciki zai ga batutuwan da 'yan sha'awa ke tafka muhawara a kansu yau, tsayuwa da sanda da rangwame, su ne dai wannan saurayi yake juyawa a ransa fiye da shekara 300 da suka wuce.

Dokokin ma 'yan sha'awa ne suka fara rubuta su. A 1744 wasu masu hali da ke wasa a filin Leith mai ramuka 5 suka roƙi hukumar birnin Edinburgh ta ba su sandar azurfa a matsayin kofi, aka tsara ƙa'idoji 13 domin gasar, likitan fiɗa John Rattray ya lashe ta ya kuma sa hannu a kan takardar. Bayan shekara goma mutanen St Andrews suka kafa tasu ƙungiya suka ari waɗannan ƙa'idoji kusan yadda suke. A 1764 suka ga wasu ramukan filinsu sun yi gajarta, suka haɗe su, zagaye ya koma 18 daga 22. Daga nan lissafin da duniya ke bi ya samo tushe.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne ƙwallo. Ta farko da ta yi suna fata ce ake ɗinkewa, a dafa gashin tsuntsu mai cika babbar hula guda a cusa a ciki yana jiƙe. Idan ta bushe, fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ta yi tauri. Gwanin sana'ar bai wuce ya yi uku ko huɗu a wuni ba, saboda haka ƙwallo ɗaya takan kai sanda tsada, har ta fi. Ga shi ba ta jure ruwa, sandar ƙarfe kuma takan farke ta. Talaka bai isa ya yi ta ɓatar da irin wannan ba. Wajen 1848 sai aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, wanda ke yin laushi a ruwan zafi ya daskare idan ya huce. Kuɗinta bai kai rabin na waccan ba, kuma idan ta lalace sai a sake dafa ta a mulmula. Allan Robertson, babban mai ɗinka ƙwallon gashi a St Andrews, ya ga abincinsa na neman zubewa, har ya rabu da yaronsa Tom Morris da ya same shi yana wasa da sabuwar. Bai daɗe ba shi ma ya koma yin ta.

Amma sabuwar ƙwallon tana da aibi: idan tana sumul, sai ta tashi ta yi sunkuye ta faɗo tun ba ta yi nisa ba. Masu wasa ne suka lura cewa tsohuwa, wadda sanda ta sassare, ta fi sabuwa tafiya da miƙewa. Magana ta bi baki, masu yi suka fara bubbuga ta da bakin guduma tun kafin su sayar, daga baya aka saka zanen a cikin mazubi. A 1905 wani injiniya ɗan Ingila, William Taylor, ya nemi rajistar ƙananan loɓar nan da ke jikin ƙwallo har yau. Sai daga bisani masana suka bayyana dalili: loɓar tana sa iska ta manne wa ƙwallo, jan da ke bayanta ya ragu. Idon masu wasa ya riga lissafin masana da shekaru masu yawa.

Arahar ƙwallo da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya isa St Andrews a 1852, su suka buɗe wa jama'a ƙofa. Sababbin shiga kuwa suna buƙatar mai nuna musu hanya. A 1857 aka buga The Golfer's Manual na H. B. Farnie, littafin koyarwa na farko, kuma marubucin ɗan sha'awa ne da ya sakaya sunansa. Zuwa 1890 an sami mujallar mako-mako ta golf a Birtaniya, hirar da ake yi a ƙarƙashin rumfar kulob ta hau takarda. Akwai wani riƙon sanda da ake ɗora ƙaramin yatsan dama a kan yatsun hagu, wanda yau ake kira da sunan Harry Vardon, gwanin da ya ci gasar Open sau 6. Amma kafin Vardon, wani ɗan sha'awa daga Sikotilan, Johnny Laidlay, ya riga ya ci kofin 'yan sha'awa na Birtaniya da shi a 1889 da 1891. Suna ya tafi ga wanda ya fi shahara, kuma ina ganin an rage wa Laidlay haƙƙinsa.

A Amurka ma haka abin ya kasance. Coburn Haskell, attajiri ne a Cleveland mai son wasan ba tare da ya yi fice ba. A 1898, tare da abokinsa Bertram Work na kamfanin roba na B. F. Goodrich, ya fito da ƙwallon da ake naɗe cikinta da zaren roba. Ta fi ta ƙaro nisa, ta kuma fi yafe wa wanda bai daki tsakiya ba. Ƙwararru sun yi ta kushe ta har 1902, lokacin da Sandy Herd ya ci gasar Open da ita, sai kowa ya bi. A 1913 kuma Francis Ouimet, ɗan shekara 20 da ya taso yana ɗaukar wa masu kuɗi jaka, ya doke Vardon da Ted Ray a gasar US Open a Brookline, yaro ɗan shekara 10 na riƙe masa jaka. Bayan wannan ne 'ya'yan talakawan Amurka suka yarda wasan nasu ne su ma. Bobby Jones, lauya wanda ya kwashe manyan kofuna huɗu a 1930 yana ɗan sha'awa, ya yi gajerun finafinan koyarwa a 1931, shawara ta shiga gidan silima.

Abin da ya riƙe wannan zumunci shi ne rangwamen da Kincaid ya yi tunani a kai. Kowane ɗan wasa yana da lamba gwargwadon ƙarfinsa, ana cire masa wannan adadi daga yawan bugunsa, saboda haka dattijo da saurayi, gwani da ɗan koyo, suna iya karawa kowa na da fatan ci. Hukumar golf ta Amurka, da aka kafa a 1894, ta fitar da tsarin ƙasa baki ɗaya a 1911, sai a 2020 aka haɗe tsare-tsaren duniya suka zama guda. Wani likita, Frank Stableford, ya ji tausayin abokansa a filin Wallasey mai tsananin iska, waɗanda rami ɗaya kan ɓata musu lissafin wuni su yaga takarda. Ya tsara a riƙa ba da maki rami-rami, wanda ya lalace ya tafi da sifirinsa shi kaɗai. An yi gasar farko da tsarin a can a 1932, kuma har yanzu kulob-kulob da yawa da shi suke wasa.

Kayan aiki sun bi irin wannan hanya. Da aka halatta sanda mai ƙotar ƙarfe maimakon ta itace, a 1924 a Amurka da 1929 a Birtaniya, sai wasu suka riƙa cika jaka da sanduna fiye da 20, masu ɗauka na shan wahala, har aka ƙayyade 14 a ƙarshen shekarun 1930. Karsten Solheim injiniya ne a kamfanin General Electric da ya fara wasan bayan ya haura shekara 40. Gangara ƙwallo cikin rami ta gagare shi, sai a 1959 ya ƙera tasa sandar a garejin gidansa a California, ya mayar da nauyin kanta gefe da gefe domin kada ta murɗe idan an kuskure tsakiya. Daga nan kamfanin Ping ya fito, kuma wannan dabara ce ke cikin mafi yawan sandunan da 'yan koyo ke saye a yau.

Sai dai ba duk shawara ce ke da amfani ba, kuma wannan tarihi bai cika ba idan aka ɓoye hakan. Ben Hogan ya fitar da Five Lessons a 1957, littafin da har gobe ake sayarwa. Hogan ya sha fama da ƙwallo mai karkata hagu, riƙon da ya koyar maganin wannan ne. Mafi yawan 'yan sha'awa kuwa dama tasu ke karkata, shi ya sa malamai da dama suka lura wanda ya kwafi riƙon ido rufe yakan ƙara wa ciwonsa. Kamar mai zazzaɓi ne ya sha maganin da aka rubuta wa maƙwabcinsa mai hawan jini. Haka nasihar nan ta kafe kai a ƙasa kada a ɗago, wadda kowane sabon shiga ke ji a ranarsa ta farko: tana hana jiki juyawa. An kuma daɗe ana koyar da cewa hanyar da sanda ta bi ita ke zaɓa wa ƙwallo inda za ta fara nufa. Na'urar TrackMan, da aka ƙirƙira a Denmark a 2003, ta auna ta nuna fuskar sanda a lokacin haɗuwa ce ke da kaso mafi girma. Tun zuwan YouTube a 2005 shawara ta yi yawa ta yi araha, mai kyau da marar kyau a haɗe, mutum kan kalli malamai biyar a dare guda kowa na warware na ɗan'uwansa. Amfanin zamanin shi ne waya na iya ɗaukar bugunka ka gani da idonka, abin da Kincaid bai samu ba.

Ilimin fili kuwa bai taɓa barin bakin mutanen wurin ba. Turawan mulki da na haƙar kuza sun kawo wasan Arewacin Najeriya, aka yi filaye a Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Saboda ƙarancin ruwa, a wasu daga cikinsu yashi aka riƙa cakuɗawa da mai a daddaɓe kewayen rami a madadin lallausar ciyawa. Yadda ƙwallo ke gudu a kan irin wannan, da yadda take tsalle a busasshiyar ƙasar rani, da yadda iskar hunturu ke kaɗa ta, littattafan Sikotilan da Amurka ba don su aka rubuta su ba. Masu ɗaukar jaka ne suka san su, yaran unguwannin da ke kewaye da filayen, kuma daga cikinsu ƙwararrun 'yan wasan ƙasar da yawa suka fito. Ina kira ga kulob-kulob ɗin waɗannan garuruwa da masu wasa a cikinsu su zauna da tsofaffin masu ɗaukar jaka tun suna raye, a naɗi abin da suka sani, a rubuta shi da Hausa domin yaran da ke tasowa.